Ya sa na rantse ba zan gaya wa likitan zuciya yana da gautsin ƙashi ba

Assalamu alaikum Anti. Daga Makka nake rubuto miki, ta wajen Shara Mansur. Maigidana tela ne, shekararsa 39. Mahaifiyarsa ta ce kafin ya balaga ya karye sau goma sha ɗaya, yawanci maɗori ne ya ɗora shi a gida. Yana ɗan shekara 12 wani likita a Jidda ya ce ciwon gautsin ƙashi ne, wanda Larabawa ke ce wa izam zujajiyya. Takardar ma ta ɓace. Da ya girma karayar ta tsaya, rabonsa da ita ya fi shekara ashirin, sai dai farin idonsa shuɗi-shuɗi ne, kunnensa na hagu kuma ya fara nauyi.

Tun bara yake haki in ya hau bene, yanzu sai da filo uku yake iya barci. An yi hoton zuciya, aka ce murfin da ke bakin babbar jijiya yana yoyo sosai, gindin jijiyar kuma ya buɗe ya kai santimita 4.8. Bayan wata bakwai muna jira an ba mu ranar amaliyya, wato aikin tiyata, nan da mako biyar. Damuwata ita ce bai gaya wa likitocin zancen ƙashinsa ba, don wani abokinsa ya ce masa in suka ji ba za su taɓa shi ba. Ya sa na rantse da Allah ba zan faɗa ba. Surukata kuma ta ce sam ba za a tsaga mata ɗa ba, a yi masa ƙaho, ya dage da zamzam. Ga 'yarmu 'yar shekara shida ta karye a hannu watan jiya, daga kan kujera kawai ta faɗo. Anti, ba na barci. In karya rantsuwa in tona, ko in ja bakina in yi shiru?

Ƙanwarki a Makka

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba maigidanki lafiya, ke kuma ya ba ki ladan jinya.

Ba zan ja ki da nisa ba. Likitan da zai buɗe ƙirjinsa da likitan da zai sa shi barci, su biyun nan tilas ne su san da gautsin ƙashin kafin ranar aiki. A wannan babu zaɓi. Inda zaɓi yake shi ne a bakin wa za su ji, ni kuwa na fi so su ji a bakinsa.

Na gane abin da ya ruɗe shi. Ya ga shekara ashirin ba karaya, sai ya ɗauka ciwon yarinta ne ya bar shi a baya tare da ƙyanda. Haka nau'in da ya fi sauƙi yake yi, karaya kan ja baya bayan balaga. A shekarar 1979 wani likitan Ostireliya, David Sillence, ya kasa ciwon gida huɗu, kuma abin da kika zayyana, shuɗin ido da nauyin kunne da mutum yana tafiya da ƙafarsa, ya fi kama da na ɗaya. Ciwon kan samu kamar mutum ɗaya cikin dubu 15 zuwa dubu 20, a takardun asibiti kuma haruffa biyu ake rubuta masa, OI. Sai dai sunan ne ke yaudarar mutane. Ƙashi ne ya fi ƙara in ya karye, shi ya sa ya cinye sunan, alhali tushen abin yana cikin wani sinadari da ake kira kolajin, wanda shi ne zaren da aka saƙa jikin ɗan Adam da shi. Yana cikin ƙashi, yana cikin fata da haƙori, yana cikin farin ido, yana cikin murafen zuciya da bangon jijiyoyin jini. Mai nau'i na ɗaya jikinsa kan yi kusan rabin kolajin ɗin da ya kamata. Shuɗin idon nan da kike gani kullum, farin ne ya yi siriri har duhun da ke bayansa ya leƙo. To ki ɗauka irin wannan sirantakar tana iya kasancewa a wurin da wuƙa da allura za su shiga.

Ba na cewa lalle gautsin ne ya jawo yoyon. Zazzaɓin da ke cin murfin zuciya tun ana yaro yana jawo shi, akwai kuma waɗanda aka haifa da murfi mai ganye biyu a maimakon uku. Amma yoyon wannan murfin da buɗewar gindin babbar jijiyar, wadda ake kira awota, suna cikin abubuwan zuciya da aka fi gani ga masu OI. Ko ma mene ne sanadin, naman da za a ɗinka dai nasa ne.

Na yi shekaru ina miƙa wa likitoci kayan aiki a ɗakin tiyata, kuma na taɓa tsayawa a kan aikin wata baiwar Allah mai irin wannan ciwon. Ba ma zuciya ba ce, aikin ciki ne. Likita ya soka allura, ya ja zare zai ƙulla, sai zaren ya ratsa naman ya fito kamar an ja shi a cikin awara. Jini kuma ba wai daga jijiya ɗaya yake feshi ba balle a kama a ɗaure, tsattsafowa yake ta ko'ina kamar jikin sabon tulu. Abin da ya cece ta, bayan ikon Allah, an san da ciwon tun kafin a shiga. Jini yana ajiye da sunanta, magungunan tsayar da jini suna kan tebur, likita ya zo da 'yan ƙananan ƙyallaye farare, kowanne bai fi ƙwayar shinkafa biyu ba, yana sa su a ƙarƙashin kowane ɗinki don kada zaren ya yanka. Aikin awa biyu ya ci huɗu, ta tashi lafiya. Har yau ina tuna yadda gwajin daskarewar jininta ya fito ƙalau kafin aikin. Wannan ya kamata ki riƙe: gwajin da aka saba yi wa kowa yana iya nuna komai daidai, mai OI ya zubar da jini duk da haka, domin raunin yana jikin ƙananan jijiyoyi, wani lokaci kuma a ƙwayoyin da ke toshe rauni. Idan maigidanki yana tunanin ai in da matsala gwaji zai nuna, to ba lalle ba ne.

Tun da tela ne, da yarensa za ki yi masa magana. Ki tambaye shi: in aka kawo masa yadin da ya sha rana ya ruɓe ta ciki, a ido kamar sabo, mai shi ya sani amma ya yi gum, ya ɗora a keke ya taka da zare mai kauri kamar yadda ya saba, me zai faru? In kuwa an gaya masa, ai ba korar mai yadin zai yi ba. Zai sauya allura, ya sassauta zare, ya sa shafi a bayan ɗinkin, ya taka a hankali. Abin da yake hana likitocinsa yi ke nan.

Shiri kuwa tun kafin wuƙa yake farawa. Likitan barci zai zura bututun numfashi ta maƙogwaro, ga kowa yakan ɗaga haɓa ya lanƙwasa wuya baya. Ga mai gautsi haka na iya taɓa ƙashin wuya ko muƙamuƙi ko ya fasa haƙori, don haka akan duba wuyan da hoto tukuna, a yi amfani da na'ura mai kyamara ba tare da an murɗa kai ba. Akwai wata allurar sakin jiki da ke sa tsoka ta yi karkarwa kafin ta saki, ita ma akan kauce mata. Abin awon hawan jini da ke matse damtse duk bayan 'yan mintoci, ga masu tsananin ciwon har karaya yana jawowa. Ɗaga mutum daga gado zuwa tebur yana barci, da yadda ake shimfiɗa hannuwansa, duk da lura ake yi. Jikin wasunsu kan ɗauki zafi a tsakiyar aiki, wanda ya sani ba zai ruɗe ba. Sannan a zo kan ƙashin ƙirji: raba shi ake yi da zarto, a sa ƙarfe a buɗe, haƙarƙari yana ɗaukar nauyin buɗewar, in an gama a ɗaure da waya. Waya a ƙashi mai laushi tana iya yanka kamar yadda zare ya yanka nama. Likitan da ya sani zai buɗe sannu a hankali, wataƙila ya zaɓi rabin tsaga, ya kuma sauya salon ɗaurin.

Amma inda shirun nan ya fi tsorata ni shi ne zaɓin murfin da za a sa masa. Iri biyu ne. Akwai na roba da ƙarfe mai daɗewa, wanda sau da yawa shi ake karkata gare shi ga wanda bai kai hamsin ba, sai dai yana tafe da shan maganin tsinka jini, wafarin, har ƙarshen rayuwa, da gwajin jini a kai a kai. Akwai kuma na naman dabba, wanda ba ya bukatar wafarin na dindindin, amma yana tsufa, yawanci cikin shekara 10 zuwa 15, ga mai ƙuruciya ma yakan fi saurin lalacewa, sai an sake komawa. (Kafin surukarki ta tambaya: akwai na saniya, ba sai na alade ba, ku faɗi wanda kuke so.) Likitan da ya ga namiji ɗan shekara 39 bai san komai ba, da wuya bai ba shi shawarar na ƙarfe ba. Ki yi tunanin mutumin da ƙashinsa ke iya karyewa, jijiyoyinsa ba su da ƙwari, an ɗora masa maganin da ke hana jini tsayawa na shekara talatin ko arba'in. Shi ya sa likitoci da dama kan karkata ga na nama a irin wannan hali, duk da cewa sake buɗe ƙirji mai gautsi shi ma ba wasa ba ne. Shawara ce mai nauyi ta kowane ɓangare, kuma ta maigidanki ce da likitansa, amma ba za ta yanku daidai ba in rabin labarin yana cikin aljihunsa. Haka batun gindin jijiyar. Santimita 4.8 ga dogon mutum daban, ga gajere daban, ga mai raunin kolajin kuma daban. Akwai aikin da ake sauya murfin da gindin jijiyar gaba ɗaya a sa bututu, a dasa jijiyoyin da ke ciyar da zuciya a jikinsa, aikin Bentall, wanda aka fara bayyanawa a Landan a 1968. Ko za a yi masa shi ko murfin kaɗai za a sauya, wannan labarin yana cikin abin da zai sa a yanke.

Abokin nan nasa da ya ce ba za su taɓa shi ba, ban san inda ya yi karatun likita ba. An yi wa masu OI aikin murfin zuciya an kuma tashi. Gaskiyar da ba zan ɓoye miki ba ita ce haɗarin ya fi na sauran mutane, zubar jini da warwarewar ɗinki su ne kan gaba. Kuma mai yiwuwa ne a ɗaga ranar, ko a tura ku babbar cibiyar da ta fi kayan aiki da ma'ajiyar jini, irin asibitin Madinatul Malik Abdullah da ke Makka, ko asibitin Sarki Faisal na ƙwararru a Jidda, ko cibiyar zuciya ta Madina. Na san zafin wata bakwai na jira. In likita ya ce wannan ya fi ƙarfin wurinsa ya rubuta muku tahwil, wato takardar tura ku wani asibiti, ki yi masa godiya, mai gaskiya ne.

Yanzu rantsuwa. Ni ba malama ba ce, ki tabbatar a wajen malamin da kuka yarda da shi, ga su nan birjik a garinku. Amma sanannen abu ne a hadisi ingantacce cewa wanda ya yi rantsuwa sannan ya ga abin da ya fi alheri, ya aikata mafi alherin ya yi kaffara. Kaffarar tana cikin suratul Ma'ida, aya ta 89: ciyar da miskinai goma ko tufatar da su, wanda bai samu ba ya yi azumin kwana uku. Shinkafar mutum goma ba ta kai ran uban 'ya'yanki ba.

Sai dai kada ki fara ta bayan idonsa. Namijin da ya sa matarsa rantsuwa tsoro ne ya cika shi, yana kuma jin kunyar a gane. In ya ji kin zaga kin faɗa, zai ga kin tsiraita shi a gaban baƙi, ga ki kuma ke ce za ki yi jinyarsa wata da watanni. Ki zaɓi dare bayan isha, yara sun kwanta, ki zauna ta ɓangaren kunnensa na dama. Ki ce masa kin yi rantsuwar ne ba ki san nauyinta ba, yanzu kin sani, ba za ki iya riƙe ta ba. Ki kawo masa misalin yadin, ki kawo zancen wafarin. Ki ce kina so cikin makon nan ku koma wurin likitan tiyatar tare, shi ya faɗa da bakinsa. Cikin makon nan nake cewa, kada ku jira ganin likitan barci na dab da aiki, don hoton wuya da na jijiyar gaba ɗayanta, da awon huhu, da ganin likitan jini da na haƙori, duk lokaci suke ci. In ya ƙi, ki nemo wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko kawunsa ko limamin masallacinku. In duk ya ƙi, ki gaya masa ido da ido cewa za ki faɗa, sannan ki je ki faɗa. Likita ba zai buɗe miki fayil ɗin mijinki ba da izininsa ba, amma babu abin da ya hana shi sauraronki. Ɓatan takardar Jidda ba komai ba ne. Ku zauna da Hajiya mahaifiyarsa ta lissafo karayar ɗaya bayan ɗaya, wace gaɓa, yana shekara nawa, garin yaya, ku rubuta. Idonsa da kunnensa da wannan lissafin sun isa likita ya fara bincike.

Kin ga ta nan ma kin jawo surukarki cikin lamarin. Kada ki yi jayayya da ita. Matar da ta ɗauki yaro zuwa wurin maɗori sau goma sha ɗaya ta fi kowa sanin jikin nan, tsoronta kuma yana kan hanya. Abin da ba ta gani ba shi ne barin yoyon ma ba tsira ba ne. Duk bugun da zuciya ta yi, wani kaso na jinin yana komowa baya, tana aiki ninki, tana buɗewa, har ranar da za ta gaji ta yadda ko an sauya murfin ba za ta koma daidai ba. Filo ukun nan alama ce ta fara gajiya. Ku tafi da Hajiya ta ji daga bakin likita. Zamzam ya sha ya ƙoshi, a yi ta addu'a, in dai likita bai ƙayyade masa ruwa ba. Ƙaho kam a ajiye shi: tsaga fata da zuƙar jini ga mai raunin jijiya, ana saura makonni a yi masa babban aiki, ba shi da wani amfani ga murfin da ke yoyo.

Kafin ranar, ki tsaya a kan 'yan abubuwa. Kada ya ɗauki jarkar ruwa ko tukunyar gas ko kan keken ɗinki ya hau bene, yunƙuri yana ɗaga hawan jini a jijiyar da ta riga ta buɗe. In yana taɓa sigari ko shisha, yau ce ranar bari. Ciwon jiki ya tsaya a farasitamol, kada ya sayi asfirin ko burufen ko Voltaren da kansa. In wani likita zai rubuta masa maganin ƙwayoyin cuta, ya ce jijiyarsa ta awota ta buɗe, domin dangin maganin nan sifro (siprofloksasin), tun 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansu ga masu irin wannan. Ɗawafi a cikin turmutsutsu da kutsawa wajen Hajarul Aswad su dakata, in ransa ya biya ya yi ɗawafin a saman bene a keken marasa lafiya. In kuwa ciwo ya sare shi farat ɗaya a ƙirji ko tsakanin kafaɗu kamar ana yaga tsumma, ko ya suma, ko ɓari ɗaya ya saki, ko magana ta karkace, kada ki nemi mai mota a unguwa, ki kira 997 ko 911, kalmar farko da za ki faɗa wa masu motar asibiti ita ce jijiyarsa ta buɗe kuma yana da izam zujajiyya. Tsagewar bangon jijiya ba ta cika faruwa ga masu OI ba, amma in ta zo mintoci ake ƙirgawa.

Bayan aiki, ƙashin ƙirji kan ɗauki mako shida zuwa takwas ga sauran mutane, nasa yana iya wuce haka. Zai rungumi filo in zai yi tari, ba zai dogara hannu ya miƙe ba, salla a zaune har likita ya sake shi. Ku tanadi wanda zai riƙe shagon, don na san teloli, ana ce musu sun warke sai keke. Ki kuma gaya wa masu jinya kunnensa na hagu ba ya ji sosai, musamman ranar da za a karanta masa takardar amincewa.

'Yarku kuwa, irin wannan nau'in kowane ɗa da ya haifa yana da rabi da rabi na gadonsa, kuma gwajin kafin aure da ake yi a Saudiyya ba ya nemansa. Ki duba farin idonta a hasken rana, ki duba haƙoranta. Ko kin ga shuɗi ko ba ki gani ba, ki kai ta wurin likitan yara ki ce mahaifinta yana da OI. Zamanin da ubanta ya taso ɗori ne kawai, yanzu akwai ƙarin ruwa na ƙarfafa ƙashi da ake yi wa yaran da karayarsu ta yawaita, akwai awon kunne, akwai likitan haƙori. Ki nemi wannan mau'idin, wato ranar ganin likitan yara, a ranar da za ku koma wurin likitan tiyatar, tun da asibitin za ku shiga.